Ƙwaya tara suka rage: fashin baƙi kan yankewar maganin farfaɗiya

Ƙwaya tara suka rage a gwangwanin da yayata take ajiye maganin ɗanta ranar da ta kira ni. Yaron yana shan biyu a rana, ɗaya da safe ɗaya da dare, kwana huɗu da yini ke nan. Ta riga ta aiki ƙanensa kemis ɗin bakin layi, aka ce babu. Ta yafa mayafi ta hau adaidaita zuwa babban kantin magani da ke kusa da asibiti, nan ma babu. Mai kantin ya miƙo mata wani kwali mai launi daban, ya ce, "Hajiya, ga ɗan'uwansa, aikinsu ɗaya." Ta jujjuya kwalin, rubutun jikinsa bai yi mata kama da wanda ta saba gani ba, ta mayar masa. Da ta same ni a waya ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Auta, in riƙa ba shi rabi-rabi ne, ko Allah zai sa a samu kafin ya ƙare?"

A lokacin yaron ya shekara uku bai faɗi ba. Ya koma makaranta, yana zuwa masallaci shi kaɗai, tabon ƙunar da ke gwiwar hannunsa, wanda ya samu a bakin murhu tun yana ƙarami, har ya fara dusashewa. Duk wannan zaman lafiyar a kan ƙwayoyin nan biyu yake tsaye. Tambayar da Yaya ta yi ita ce tambayar da ake yi a gidaje da yawa, galibi a ɓoye, kuma amsar da mutum ya ba kansa a wannan daren ita ce ke raba wanda ya wuce ƙarancin lafiya lau da wanda aka kwasa zuwa asibiti ranga-ranga. Sunayen magungunan zan rubuta su yadda suke a jikin kwali, domin mai nema ya gane su idan ya gani.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da wata 'yar wutar lantarki, a tsare, kowa da lokacinsa. Idan wani rukuni daga cikinsu ya ɓarke da aikawa gaba ɗaya babu tsari, sai mutum ya faɗi yana jijjiga, ko ya ƙura ido ya yi shiru na ɗan lokaci, ko ya riƙa taune-taune bai san inda yake ba. Maganin da ake bayarwa ba ya cire ciwon. Danne wannan ɓarkewar yake yi, kuma yana dannewa ne muddin akwai isasshensa a cikin jini. Nan ne ya bambanta da maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ake sha kwana uku a gama.

Ka ɗauki jini kamar randa mai tsiyaya. Hanta da ƙoda ba sa hutawa, dare da rana suna fitar da maganin, shi ya sa ake ƙara zubawa safe da yamma domin kada ruwan ya sauka ƙasa da inda ake so. Amma ba kowane magani ne yake tsiyayewa da sauri ɗaya ba. Phenobarbital yana daɗewa, a jikin babba sai wajen kwana huɗu kafin rabinsa ya fita. Carbamazepine a jikin wanda ya daɗe yana sha, rabinsa yakan fita cikin awa 12 zuwa 17. Levetiracetam ya fi su gaggawa, awa 6 zuwa 8. Wannan ne ya sa mai shan phenobarbital yakan tsallake kwana biyu bai ga komai ba, ya ɗauka ya warke, sai a kwana na biyar ko na shida ciwon ya dawo da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Ƙwaƙwalwar da ta saba da abin da ke riƙe ta, idan aka zare shi farat ɗaya, ba ta komawa yadda take a da, zabura take yi. Likitoci sun fi jin tsoron faɗuwar da ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, ko wadda ake yi a jere mutum bai farfaɗo tsakani ba. Irin wannan tana lalata ƙwaƙwalwa, tana kisa, kuma yanke magani yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ta ga wanda aka riga aka san yana da ciwon.

Shi ya sa na ce wa Yaya kada ta raba. Rabi-rabi yana da kama da dabara, irin ta uwar da ke tsawaita tsabar da ta rage a buhu har zuwa ƙarshen wata. To amma magani ba tuwo ba ne da za a ci kaɗan a kwana da 'yar yunwa. Rabin ƙwaya yana iya sauke abin da ke jini zuwa inda ba ya tsare komai, sai a wayi gari maganin yana ƙarewa, yaron kuma ba shi da kariya. Idan har rage adadi ya zama dole, likita ne zai tsara yadda za a yi da abin da zai cike giɓin. Kwana huɗun nan da take da su, amfaninsu shi ne a kashe su wajen nema da komawa asibiti alhali yaron yana kan cikakken maganinsa.

To me ke sa maganin da mutum ya shekara yana saye a wuri ɗaya ya ɓace? Mai kemis zai ce maka "dala ce", kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi duka ba. Hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ta sha faɗin cewa kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Najeriya daga waje ake shigo da su, mafi yawa daga Indiya da Sin. Wanda ake haɗawa a gida ma, sinadarinsa da dala ake sayo shi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗan kasuwar da ya sayar da kayansa a tsohon farashi sai ya tarar kuɗin da ya tara ba za su sake cika masa kwantena ba. Abin da yake yi a bayyane yake: ya zaɓi kayan da ke fita da sauri, maganin ciwon kai, na zazzaɓi, na ƙarin jini, ya jingine wanda mutum goma kacal ke tambaya a wata. Maganin farfaɗiya yana cikin waɗanda ake jinginewa.

Sai manyan kamfanoni suka fara naɗe tabarma. A watan Agustan 2023 GSK, mai yin maganin farfaɗiya na Lamictal (lamotrigine), ya sanar zai daina sayar da kayansa da kansa a Najeriya, ya bar wa dillalai. A Nuwamban shekarar Sanofi, mai yin Epilim, shi ma maganin farfaɗiya, ya bi sahu. Magungunan ba su ɓace har abada ba, amma duk lokacin da kaya suka sauya hannu akan samu watannin da tsoho ya ƙare sabo bai iso ba, in ya iso kuma da sabon farashi. A cikin gida ma hanyar ta yi ta katsewa. A Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shagunan dillalan magani a Sabon Garin Kano, aka ce su koma sabuwar kasuwar Dangwauro da ke hanyar Zariya. A Fabrairun 2025 aka rufe manyan kasuwannin magani na Idumota a Legas, da Onitsha, da Aba, na tsawon makonni, ana farautar jabu. Ni ina goyon bayan tsabtace kasuwar magani, domin wanda ya taɓa ganin kwalayen magani jibge a rana a bakin kwata ba zai yi musu ba. Amma mai kemis na ƙauye daga waɗannan kasuwannin yake saro kaya, kuma ban ga an tsaya an tambayi abin da mai shan magani kullum zai sha a makonnin da ƙofa take rufe ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗanɗana nasu ta wata fuskar: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya toshe hanyar tashar jiragen ruwa ta Kwatano, inda kayan ƙasar da yawa ke bi, har da magani, kuma sai a Fabrairun 2024 aka ɗage shi.

Labarin phenobarbital shi ya fi ci mini rai. Tun 1912 aka fara ba masu farfaɗiya shi a Jamus. Yana da araha ƙwarai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa da dala 5 ana iya ba mutum maganin shekara guda. Sau ɗaya ake shan sa a rana. Shi ne maganin talaka na gaskiya. Amma arahar tasa ita ce ta zame masa cikas, domin ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ga shi kuma yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa ido saboda masu shaye-shaye, sai da izini na musamman ake shigo da shi, sai da rajista ake ajiye shi. Mai kanti yana auna 'yar ribar da zai samu da yawan takardu da fargabar jami'an NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sai ya ce a kai kasuwa. Dokar da aka yi domin ɗan ƙwaya, marar lafiya ne ya fi jin ta a jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa babu faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samu.

Mu koma gaban kanta, wurin "ga ɗan'uwansa". Kalmar nan tana ɗauke da abubuwa uku mabambanta, kuma mai faɗin ta sau da yawa bai rarrabe su ba.

Wani lokacin magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Kowane kwali yana da suna biyu: babban suna na kasuwa, da ƙaramin suna a ƙasansa wanda shi ne na sinadarin. Tegretol sunan kasuwa ne, carbamazepine ne a ciki. Epilim sodium valproate ne. Keppra levetiracetam ne. Iyalai da yawa babban sunan kawai suka sani, sai su yi ta yawo gari ana ce musu babu, alhali sinadarin yana nan a kan kanta da wata riga, kuma sau da yawa ya fi araha. Wanda aka miƙa wa Yaya irin wannan ne, da ta san ƙaramin sunan da ta gane shi. Duk da haka akwai ɗan hattara. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya a 2013 ta kasa magungunan farfaɗiya gida uku. Phenytoin da carbamazepine da phenobarbital da primidone ta ce a dage a kan na kamfani ɗaya, saboda tazarar da ke tsakanin adadin da ke aiki da wanda ke bugarwa ƙanƙanuwa ce, ɗan bambancin yadda ƙwaya ke narkewa yana iya nunawa a jiki. Valproate da lamotrigine ta bar wa likita ya duba halin mai shan. Levetiracetam kuwa ta ce sauya kamfani ba ya da wata damuwa ga yawancin mutane. Wannan shawara ce ta inda ake da zaɓi. A inda babu, na wani kamfanin mai rajista ya fi babu nesa ba kusa ba, a dai sa ido makonnin farko: idan jiri ya zo, ko gani bibbiyu, ko tangaɗi, ko alamun faɗuwa suka dawo, a koma asibiti.

Wani lokacin kuma sinadarin ɗaya ne amma ƙirar ta bambanta, kuma a nan ake yawan yin kuskuren lissafi. Akwai ƙwaya mai narkewa nan take, akwai mai sakin magani a hankali cikin yini, wadda akan rubuta wa CR ko Chrono ko Retard a gaban sunanta. Miligiram ɗinsu yana iya zama ɗaya, amma yadda ake raba su a yini ba lallai ya zama ɗaya ba, kuma mai saki a hankali ba a daka ta, ba a tauna ta. Na ruwa ma haka. Na Tegretol miligiram 100 ne a cikin mililita 5, na Epilim 200 a cikin 5, na levetiracetam kuwa 100 a cikin mililita ɗaya tak. Uwar da ta saba da "cokali ɗaya" idan aka sauya mata kwalba ba a yi mata bayani ba, tana iya ninka wa ɗanta magani sau biyar da kyakkyawar niyya. Kuma cokalin shayi ba ma'auni ba ne, a nemi sirinji a sa ma'aikacin magani ya yi masa alama da biro daidai inda za a tsaya.

Na ukun shi ne mai haɗarin gaske: wani magani ne daban, abin da ya haɗa su kawai shi ne dukansu "na farfaɗiya" ne. Wannan ba aikin mai kemis ba ne ko kaɗan. Farfaɗiya iri-iri ce. Carbamazepine yana aiki sosai ga wadda ke tasowa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa, amma yana iya tsananta irin ta yaran da ke ƙura ido su ɗauke na 'yan daƙiƙu, da irin mai fizgar gaɓoɓi da sassafe. Valproate yana da ƙarfi a kan nau'o'i da yawa, amma ga mace mai juna biyu wajen jariri ɗaya cikin goma yakan zo da naƙasa, kuma kashi 30 zuwa 40 cikin 100 suna samun matsalar koyo da girman ƙwaƙwalwa. A garin da yarinya ke aure da wuri kuma ciki ke zuwa ba shiri, miƙa wa budurwa ko matar aure wannan magani a kan kanta ba ƙaramin ganganci ba ne. Ita kuwa wadda take kansa ta ga ciki, kada ta yanke da kanta, ta garzaya asibiti. Carbamazepine da phenytoin da phenobarbital suna zuga hanta ta riƙa ƙone wasu magungunan da sauri, har da ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, da wasu magungunan masu ɗauke da cutar ƙanjamau. Lamotrigine da ƙaramin adadi ake fara shi a hau a hankali cikin makonni, in aka yi gaggawa yana iya fesar da ƙurajen da ke saɓule fata da cikin baki, kuma idan aka haɗa shi da valproate yawansa a jini yakan ninka. Likita idan zai sauya, yakan ɗora sabon a kan tsohon ne, wannan yana hawa wancan yana sauka. Abin da wannan ke nufi shi ne sauyin yana buƙatar ragowar tsohon maganin. Wanda ya jira sai gwangwani ya koma fayau ya ɗaure wa likitan hannu.

Ƙaranci kuma damina ce ga masu jabu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci. A 2015 wasu likitoci suka ba da rahoto a mujallar Lancet Neurology kan ƙwayoyin phenobarbital a Gine-Bisau da Najeriya waɗanda da aka auna su sinadarin da ke ciki bai kai ya kawo ba, kuma abin da ya tona asirin shi ne marasa lafiyar da suka daɗe lafiya suka koma faɗuwa. Jabun maganin farfaɗiya yanke magani ne ba tare da mai shan ya sani ba. Don haka a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar, a guji ƙwayoyin da ake ƙirgowa tsirara a ƙulla a leda, a guji na mai talla a tasha da na ranar kasuwa. Maganin da gari ya rasa sai ga shi a hannun wani a rabin kuɗi, araha ce da ba ta ado. Na gaskiyar ma yana son kulawa: ƙwayar carbamazepine idan ta sha laima tana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta, saboda haka a bar ta cikin katinta, nesa da banɗaki da tururin girki, musamman da damina.

Abin da ke hannun iyali ba shi da yawa, amma yana da nauyi. Mafi girmansa ƙirga ne. A daina tambayar "akwai sauran magani?", a koma "na kwana nawa ya rage?" Ranar da ya rage na mako biyu, ranar ce ta fita nema. Na san mai sayen kati ɗaya-ɗaya saboda abin da aljihu ya ba shi zai ce wannan zancen masu hali ne, kuma yana da gaskiyarsa. Amma ko kati ɗaya aka samu aka sa a gaba, ana shan tsohon ana ajiye sabon, an sayi kwanaki biyar na numfashi. 'Yan'uwan da ke tambayar "me za mu taimaka da shi?" ga amsa nan, ta fi kayan dubiya amfani. Ba kuma ina nufin mai kuɗi ya kwashe na wata shida ya bar maƙwabcinsa hannu rabbana ba, wata ɗaya a gaba ya wadatar.

A rubuta ƙaramin sunan maganin, da miligiram, da sau nawa a rana, a ɗauki hoton kwalin a waya, a ba mutum biyu a gida. A riƙe kantin magani ɗaya mai cikakken masanin haɗa magunguna, ya san fuskarka, domin shi ne zai kira ka ya ce kaya sun kusa yankewa ko ya ajiye maka. A tambayi ɗakin maganin asibitin gwamnati kafin a gaji da yawon gari, saboda hanyar sarinsu daban ce da ta kemis. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da asibitin Dawanau da na koyarwa na Malam Aminu Kano, kullum suna ganin masu wannan ciwon, sun fi kowa dalilin ajiye maganinsa. Mutane suna ƙyamar zuwa wai kada a ce asibitin mahaukata suka je. Farfaɗiya ba hauka ba ce, kuma ƙofar da magani yake bayanta ba abin kunya ba ce.

Kunyar nan ita ce ƙarancin da ba a lissafawa. Mai ciwon suga idan allurarsa ta yanke yakan faɗa a masallaci, a zauren WhatsApp na dangi, kafin la'asar wani ya samo masa a Kaduna ya sa a mota. Mai 'ya budurwa da ke da farfaɗiya ba ya iya buɗe baki, yana tsoron kada maganar ta kai gidan masu neman aurenta. Sai ya yi ta nema shi kaɗai, a unguwar da ba a san shi ba. Har yanzu akwai masu gudun yawun mai faɗuwa wai ana ɗauka, alhali ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓawa ko ta cin abinci a kwano ɗaya. A irin wannan kwanakin ne kuma masu cewa "dama maganin asibiti ba ya raba mutum da iska" suke samun bakin magana. Addu'a da tofi ba sa faɗa da ƙwaya, a yi su tare. Wanda ya ce sai an ajiye maganin asibiti kafin nasa ya ci, da ran ɗanka yake gwaji.

Idan duk an yi kuma aka wayi gari babu, to a ɗauki kwanakin nan a matsayin na haɗari. A je asibiti a ranar, ko babu layin ganin likitan ƙwaƙwalwa, kowane likita zai iya duba abin da zai riƙe mutum na wucin gadi. Kada ya kwana shi kaɗai, kada ya kusanci murhu ko rijiya ko kududdufi, kada ya hau babur ko bishiya ko ya tuƙa mota, wanka kuma da bokiti ba a kulle ƙofa ba. Ya samu isasshen barci, domin rashin barci yana kan gaba wajen tayar da ciwon. Zazzaɓi a yi maganinsa da wuri. Tramadol yana jawo jijjiga ko ga mai lafiya, balle shi. In azumi ne, marar lafiya yana da rangwame a addini, a yi shawara da likita kafin a matsa lokutan sha zuwa sahur da buɗa-baki. Idan ya faɗi, a janye abin da zai ji masa ciwo, a sa tsumma a ƙarƙashin kansa, a duba agogo, jijjigar tana lafawa a juya shi ya kwanta a gefe. Ba a danne shi, ba a cusa cokali, mutum ba ya haɗiye harshensa, haƙora kawai ake karyawa. Ba a ɗura ruwa ko man ja ko jiƙo, huhu suke tafiya. Ba a kanga ƙafarsa a wuta. Minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta sake dawowa bai farka ba, ko mai ciki ce, a nemi mota. Sannan ranar da magani ya dawo bayan an kwana biyar ko fiye babu shi, kada a koma kan tsohon adadi kai tsaye, musamman lamotrigine da carbamazepine, a tambaya tukuna, domin jikin ya riga ya sauka daga sabonsa.

Gwamnatoci sun yi alkawari a takarda. A Mayun 2022 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Najeriya da Nijar, suka amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da cututtukan ƙwaƙwalwa, zuwa 2031. A 2023 aka sa levetiracetam cikin jerin muhimman magunguna na hukumar. A Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji kan kayan haɗa magani. Duk suna da kyau. Ma'aunin da ni nake dubawa ɗaya ne: uwa ta shiga ƙaramin asibitin garinsu ta fito da phenobarbital ko carbamazepine na wata guda, kuma idan za a rufe kasuwa ko kaya za su yanke, a sanar da asibitoci tun da sauran lokaci. Magunguna huɗu ko biyar ne, tsofaffi, masu araha, ba su buƙatar firiji.

Washegari na raka Yaya asibiti da gwangwanin da tsohon kwali. Ƙwaya bakwai suka rage. Likitar ta karanta, ta rubuta carbamazepine mai saki a hankali da ƙaramin sunansa, ta ja layi a ƙarƙashi, ta ce, "Maman yaro, duk kamfanin da kika samu mai rajista ki karɓa, amma ki tabbata akwai haruffan nan biyu a gabansa. In ya yi jiri ki dawo mini da shi." A kanti na uku muka samu, na wani kamfanin Indiya, muka sayi na kwana arba'in. Yaron ya yi kwana uku yana jin barci da rana, daga nan ya ware. Yanzu a cikin gwangwanin akwai kati uku da Yaya ta ɗaure da zaren lilo ja ta tura ƙasa. Ranar da hannunta ya taɓa zaren, ranar take kirana.